Za a Yi wa Maci Amana Takwara

Anti 'Yardada, don girman Allah ki taimake ni, kwana biyar ya rage mini.

Shekara goma sha ɗaya muka yi da maigidana a wata ƙasa maƙwabciya, yana sana'ar fatoma, wato saukar da fatake 'yan gida da nema musu masu saye. Da mulkin soja ya tsananta a gida, sai masu gudun kamu suka fara sauka a gidanmu. Cikinsu har da Malam Sabo, malamin makaranta ɗan Madabo, wanda rubutu a jarida ya jawo masa. Wata bakwai yana cin tuwon hannuna.

Ana nan sai wani mai baƙin tabarau ya fara zuwa zaurenmu, wai daga hukumar leƙen asiri ta gida yake. Bai ba maigidana ko goro ba. Ya dai ce masa shi ɗan kishin ƙasa ne, idon gwamnati a waje, kuma manya sun san da zamansa. Anti, ki ga mutum ya kumbura! Wanda ko a taron unguwa ba a tambayarsa ra'ayi, ya koma tafiya yana waiwaye, yana yi mini magana ƙasa-ƙasa a kan kuɗin cefane ma. Aikin da aka ba shi, ya riƙa faɗin wa ya sauka, wa ya ziyarce shi, yaushe zai tashi.

Ga inda nawa laifin yake. Shi ba ya rubutun boko, ni ce na yi firamare. Ya ce sunayen na rabon tallafi ne, na yi ta rubutawa. Ranar da ya sa na rubuta rana da motar da Malam Sabo zai hau ya leƙo mahaifiyarsa da ba ta da lafiya, jikina ya ba ni, amma na rubuta. A bakin iyaka aka ɗauke shi. Shekara uku yana tsare, tsohuwar ta rasu bai gan ta ba, ya fito da kunne ɗaya ba ya ji.

Yanzu sojoji sun koma bariki, mu ma mun dawo gida, unguwar Sheshe. Gwanin nawa ya sa babbar riga ya tafi neman mutumin tabarau, wai ko za a tuna da shi a sabuwar gwamnati. Wuni biyu ya yi a bakin ƙofar ofishinsu, aka ce ba a taɓa jin sunan maigidan nawa ba. Ya dawo yana tsaki, ni ko sannu ban ce masa ba.

Shi kuwa Malam Sabo duk Juma'a sai ya zo gaida mai masaukinsa. Shekaranjiya matarsa Ladi ta haihu, namiji, kuma ya yi wa jaririn huɗuba da sunan maigidana. Maigidan nawa kuwa, maimakon ya nutse don kunya, sai ya aika a wanke masa hula. Wallahi na raina shi, ko tarinsa na ji sai in yi tsaki. In na yi magana aurena na shekara ashirin ya mutu, kuma da hannuna a ciki. In na yi shiru, da wane ido zan ɗauki yaron nan ranar suna?

Taki,
Mai Ciwon Zuci, Sheshe

Amsa:

'Yar'uwa, na karanta, kuma ban ga laifinki ba da kika raina shi. Amma bari in fara da abin da za a iya faɗa a madadinsa. Baƙo a ƙasar wasu, takardunsa a hannun hukuma suke, kuma a wancan zamani cewa a'a ga irin waɗannan mutane ba wasa ba ne. Haka suke aiki a ko'ina: ba su da gidajen saukar baƙi, ba su san harshen kasuwa ba, sai su nemi ɗan gida mai jin yunwar girma, su shafa masa kai, ya yi musu aiki kyauta. In ta ɓaci, ba shi a takarda, ba wanda ya san shi. Mijinki ya gani da idonsa a bakin ƙofa.

Sai dai a wasiƙarki ban ga tsoro ba, fankama na gani. Fatoma ba shi da jarin da ya wuce amanar baƙonsa, shi kuwa ya sayar da ita a kan kirari. Ke ma kin ce jikinki ya ba ki, don haka ki rage tsakin, ki nemi gafarar Allah da ta mutumin da kuka zalunta.

Kada ki kai maganar ga Ladi, mai jego ce. Yau ɗin nan ki zaunar da mijinki, ki gaya masa yana da kwana biyu ya ɗauki dattijo ɗaya mai riƙe sirri, ya je ya faɗa wa Malam Sabo gaskiya da bakinsa. In ya noƙe, ki sanar da wanki ko waliyyinki, ku je tare ki faɗi naki kason. Zai iya fushi har ya ce ki tafi gida, ban ɓoye miki ba. Amma zaman da kike yi yanzu, kina jin tarinsa kina tsaki, shi ma ba zaman aure ba ne.

A yi wannan kafin a yanka rago. In Malam Sabo ya ji ya yafe ya bar sunan, wannan girmansa ne. Amma ba ku da ikon barin bawan Allah ya yi shekaru yana kiran ɗansa da sunan wanda ya hana shi binne mahaifiyarsa.

Allah Ya ba ki ƙarfin zuciya, Ya raya jaririn bisa suna na gari.

'Yardada