Zanen da Na Rufa wa Idon Gwamnati

Zuwa ga jikana, mijina mai rowar cefane,

Kafin gaisuwa, cinka wannan: wane ne bai yi fashi ba, bai ci ko tsinke ba, amma shi kaɗai 'yan sanda ke da hotonsa?

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali. Allah ya tsare min ku. Mu nan kalau, sai gwiwata da ke ta gardama. Ƙanwarka ke rubutawa, tana dariya, zan rama.

Ka san yadda masu adda suka addabi layinmu. To gwamnati ta ba 'yan sandanmu sabbin babura, ta kafa kyamarori, har muka fara zama a ƙofar gida. Kyamara ɗaya aka ɗaure a turken lantarki jikin katangarmu. Ni kuwa na ga kamar tsakar gidana take leƙe, inda nake shan iska ba ɗankwali. Babarka ta ce titi take kallo, in bar ta. Wanda bai ji bari ba ya ji hoho. Na ɗauki sandar sharar yana, na rataya mata tsohon zanena.

A ranar kuwa, da rana tsaka, wasu suka sari abokinka mai kemis a hannu, suka tafi da babur ɗinsa, a gindin turken nan. Sajan ya tara mu a caji ofis a duba hoton ko za mu gane su. Sai ga fuskata ta cika allon, baki buɗe, wawulo a fili, ina ta zungurar kyamarar da sanda. Daga nan duhu. Ba wanda ya yi dariya, abin da ya fi kashe ni ke nan. Sajan ya ce kawai, Iya, ga zanenki.

Mai kemis yana gida, hannun a naɗe, ɓarayin kuwa suna yawonsu. Yaron da ke gwada min hawan jini kyauta! Sau biyu ina kaiwa ƙofarsa in juyo. Don Allah ka kira shi ka share min hanya, gobe zan shiga ko ƙasa ba ta tsage ba.

Ka gaida matarka, da Autar gidanku, da kawunka direba. Babarka na gaishe ku, har yanzu ba ta ce "ai na faɗa miki" ba.

Taka, tsohuwar matarka.

Amsar kuwa kakarka ce.