Ni Ɗan Mai Fasa Dutse Ne

Assalamu alaikum Baba, da fatan kana cikin rahamar Ubangiji.

Ɗanka Habibu ne, daga Guangzhou, inda Yaya Sabi'u ya kawo ni ina ɗaure masa dilolin kaya a kasuwar Shahe. Ƙararsa na kawo maka.

Ka san me yake gaya wa 'yan China? Wai kai babban ɗan kwangila ne. Kai da ka shekara talatin kana hura wa dutse wuta kana bin sa da guduma! Da kuɗin tsakuwarka ya yi boko, yau ga shi cikin kwat yana taku kamar zakara, sunan sana'arka ma ya fi ƙarfin bakinsa.

Hotonka ɗaya tal muke da shi, na ranar aurensa. Ina tsaye ya sa ka mayar da hannuwanka baya, kada a ga kantar da guduma ta yi musu. Ka yi murmushi ka mayar. Har gobe abin yana ci mini rai.

Ran Lahadi ya ba ni kyamara, in ɗauke shi a gaban dogayen benayen titin Huanshi Lu, a aika gida a yi ta kuri. Na ce bari in sayo fim. Daga nan na hau bas zuwa wani tsohon wurin fasa dutse da na taɓa hangowa a tsaunukan bayan gari.

Ba kowa, sai ciyawa da iska. Ga siririn layin dogon da ake turo duwatsu a kai, tsatsa ta cinye shi, ga kurar ƙarfe a kife. A jikin dutsen na ga ramukan da mafasa suka huda a jere, na sa yatsa a ɗaya, sai hawaye. Baba, a nan na ƙarar da fim ɗin kaf.

Da aka wanko hotunan, a shagon laoban, wato tsohon ɗan Chinan da ke sayar mana da kaya, na baje su a gaban Yaya. Na nuna dutsen, na buga ƙirjina, na ce aikin ubana ke nan. Tsohon ya jinjina kai. Yaya kuwa ya hau duba agogo, kamar an taka masa wutsiya.

Ya ce in kwashe tsummokarana daga ɗakinsa. Na kwashe. Ban san inda zan sa haƙarƙarina ba, amma wallahi ban yi da-na-sani ba.

Allah Ya jiƙanka, Ya sa ka huta. Shi kuma Allah Ya ba shi 'ya'yan da ba za su ji kunyarsa ba.

Ɗanka,
Habibu