Na Hana Yayana Zaƙi, Ya Faɗi a Gabana

Gwaggo Lamduan, ki taimaka mini, na rasa wanda zan faɗa wa. Yayana Thawin ɗan zuhudu ne a gidan ibadar ƙauyenmu, shekara goma sha tara ke nan. Kin san ƙa'idarsu: abin da aka ba su shi suke ci, kuma rana na yin tsaka an rufe baki sai gobe, sai dai abin sha. Ni ke kai masa shinkafa mai danƙo da madarar kwakwa kowace safiya, da yamma in aika lemon kwalba. A ganina lada nake tarawa. Bara likita ya ce ciwon suga ne, aka ɗora shi kan allurar insulin. Kunya ta kama ni, na bi maƙwabta gida-gida na ce kada wanda ya sake kai masa zaƙi, ko ɗigo. Ran Talata da la'asar yana shara sai gumi ya karyo masa, hannu na rawa, ya zube. Ina tsaye, amma mace ba ta taɓa ɗan zuhudu, sai ihu na yi har maza suka zo. Ya farfaɗo a asibiti, bai ce mini komai ba, shirun nan ya fi faɗa ciwo. Na ba shi na cuce shi, na hana shi na cuce shi. Tsoro nake ji in kashe shi da hannuna.

Ƙanwa mai nadama, daga garin Roi Et

'Yata, share hawayenki ki saurara. Bayan tumbi akwai wata 'yar tsoka mai fitar da sinadarai biyu. In an ci abinci, insulin ke kwashe suga daga jini ya shigar da shi cikin jiki. In yunwa ta zo, gulukagon ke sa hanta ta saki wanda ta ajiye. A jikin mai lafiya, ɗaya na tashi ɗaya na lafawa. Allura kuwa ba ta san an rufe baki ba, aikinta take ci gaba da yi, ga shi mai ciwon suga gulukagon ɗinsa kan yi jinkiri. Sai suga ya yi ƙasa sosai a jini, abin da ya kayar da yayanki ke nan.

Rage zaƙin da kika yi daidai ne. Kuskurenki shi ne yanke hukunci ke kaɗai. Shi ma da nasa, in bai gaya wa likita lokacin cin abincinsa ba. Ku koma tare, a daidaita allurar da ƙa'idarsa. Da safe ki kai kifi da ganye, shinkafa kaɗan. A ajiye masa suga ko zuma a jakarsa. Dokarsu ta yarda da su a matsayin magani ko bayan rana ta yi tsaka. Ki koya wa 'yan uwansa na gidan ibadar alamomin faɗuwar suga, tunda su ke iya riƙe shi.

Shirunsa kuma, kada ki fassara shi daga nesa. Ki je gobe ki zauna ki tambaye shi yadda ya ji. Ina yi masa fatan sauƙi, ke kuma kwanciyar hankali.

Gwaggo Lamduan