Ɗigon da ke kan fim ɗinka ba datti ba ne, Yaya

Assalamu alaikum, Yaya Isuhu. Gaisuwa mai yawa daga Tawa zuwa Sakkwato, tare da fatan kana lafiya. A fili nake rubuta maka, don waɗanda suka kore ka da baki su ma su karanta.

Ka tuna yadda abin ya fara. Lokacin tawaye ne, kai kuwa kana rufe shagon hotonka ka ɗauki kyamara da ƙafafunta ka nufi dajin Barmu, inda hasken gari ba ya kaiwa, don ka ɗauki taurari. Mutane suka ce ba taurari ba, 'yan tawaye kake kai wa labari. Ka nuna musu fim ɗin da ka wanke, suka ga fili wayam da ɗigo-ɗigo baƙaƙe, suka ce ai ga shaida nan, ka goge abin da ka ɗauka. Da maganar ta kai kunnen masu kaki, ka bar gari.

Kawu Mamman ya sha ce mini, "Ɗiyata, ƙone abin ga tun bai jawo muna bala'i ba." Kullum in ce to. Cikin kwallar lefena na ɓoye fim ɗin da ka bari, kuma ban ji kunyar ƙaryar ba.

Bana aka kawo wani inji a furoje, wato ma'aikatar da nake aikin buga takardu. Sikana ake ce masa, yana ɗaukar fim ya fito da hoton a kwamfuta. Na yi ta naci har mai kula da shi ya gaji ya karɓi fim ɗinka. Da ya ga ɗigon nan sai ya jawo tsumma, wai datti ne. Na riƙe hannunsa, Yaya, ni da ba na iya kallon babba ido cikin ido. Na ce a sa shi yadda yake.

Injin ya juya baƙi ya koma fari. Sai ga sararin Barmu cike da taurari, ga Kaza da 'ya'yanta a dunƙule a gefe, ga kan wani gawo a ƙasa. Na yi kuka, na kuma yi fushin da ban taɓa yi ba.

An fitar mini da shi a takarda, na liƙa a ƙofar shagonka, ɓangaren titi. Kawu ya ce in cire, wannan karon na ce a'a. Malam Idi tela, wanda ya fi kowa yaɗa maganar, ya tsaya ya daɗe yana kallo, sannan ya wuce.

Ba zan bi gida-gida ina wanke ka ba. Kai ma kada ka shigo a ɓoye. Ka zo ranar Lahadi, kasuwa na ci, ka sauka a tasha da rana tsaka ka tako da ƙafarka. Inna ta tsufa, idonta ya yi rauni, ba ta iya ganin hoton. Kai take son gani.

Allah ya kawo ka lafiya, ya sa ka same ta da rai.

Ƙanwarka,
Hadiza