Suna Ciki, In Ji Likita

Litinin, 7 ga Oktoba, 2024

Sakamako ya fito. Sankarar mama ce, ta hagu. Likitar Zariya ta ji ni malamar kimiyya ce a Makarfi, sai ta juyo mini takardar. Wai a ɗan naman da suka gutsura, fararen ƙwayoyin jini sun cika ƙullutun maƙil. "Malama Khairiyya, a irin taki wannan alama ce mai kyau, magani ya fi kamawa."

Na ce, to tunda suna ciki, me suke jira? Ta ce wasu na yaƙi, wasu sun gaji, wasu kuma ciwon ya juya su, su ke taya shi buɗe hanyoyin jini.

Shekara goma sha huɗu ina tsaye gaban allo ina yabon su. Ashe har da munafukai.

Alhamis, 10 ga Oktoba

Ya'u ya faɗa wa Gwaggo Kulu. Na ce masa kada kowa ya ji! Miji ne ko sanƙira?

Asabar, 19 ga Oktoba

Gwaggo ta taho daga Gazara da jarkar jiƙo. Ko gaisuwa ba mu ƙarasa ba ta fara: ciwon daji ba ya son ƙarfe, in allura ta taɓa shi sai ya fusata. Wance ta Kudan aka yanke, ba ta yi arba'in ba. Na ce Gwaggo, waccan sai da abin ya fashe aka kai ta. Ta ce boko ya cinye ni.

Ƙanwar mahaifina ce, ita ta yi mini wankan jego. Na haɗiye. Amma jiƙon yana can gindin zogale.

A makaranta kuma Malama Jamila, da fuskar tausayinta: "Ai garkuwar jikinki ce ta yi rauni, ba kya cin abinci." Wato ni na jawo. Saura kaɗan in manna mata takardar a goshi.

Talata, 5 ga Nuwamba

Ƙarin ruwan farko na maganin sankarar. Amai. Bakina kamar na tsotsi ƙusa.

Talata, 26 ga Nuwamba

Sun auna jini, fararen ƙwayoyin sun yi ƙasa, an ɗaga mini mako guda. Maganin da ya zo taimako shi ke kwashe su. Tun daga Makarfi a motar haya, tsakanin dammunan rake, don a ce koma. Na yi wa nas ɗin tsawa, alhali ba laifinta. Ya'u ya yi ta ba ni haƙuri har gida. Haƙurin ma haushi.

Laraba, 4 ga Disamba

Likita ta taɓa ƙullutun, ta ce ya fara laushi. Ban yarda ba tukuna.

Lahadi, 8 ga Disamba

Gwaggo ta zo da hantsi, babu jarka. Ta daɗe tana kallon kaina, babu gashi ko sili. Da Ya'u ya fita sai ta tura ƙofa.

"Khairiyya, waɗannan fararen da kike faɗa, kowa na da su? Har tsofaffi?"

Na ce kowa. Sai ta kama hannuna ta kai ƙarƙashin zanenta. Maman dama. Kamar ƙwallon goruba, ba ya motsi. Tun damunar bara, in ji ta. Jiƙon nan ita ta fara shan sa.

Na ce ta kwana, Talata mu tafi asibiti tare. Ta ce ba za a taɓa ta da ƙarfe ba. Na ce dubawa kawai.

Na ɗumama mata tuwo. Ni ma na ci kaɗan. Ba wai na huce ba ne.