Hannuna Ya Koma Magana

Zuwa ga Innata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya. Ya ƙafar Baba? Ya su Yaya da yara?

Inna, na ɓoye miki wani abu wata uku, don Allah kar ki yi faɗa. Yatsuna ne. Kullum da safe sai in tashi sun sandare, ko maɓallin riga ba na iya sawa, sai an fi awa guda kafin su saku. Gaɓoɓin sun kumbura, dama da hagu iri ɗaya, har wuyan hannu. Ga gajiya kamar wadda ta wuni dako.

Kin san hannun nan shi ne bakina a makarantar kurame. Ran Talata na so in ce wa 'yan ajina su buɗe littafi, yatsu suka ƙi lanƙwasuwa, ashe “ku buɗe kifi” na ce! Wata yarinya har faɗowa ta yi daga benci don dariya. Ni ma na yi ta dariya, amma da na koma gida na shiga kicin na yi kuka. Kin san surukinki kurma ne, bai ji kukan ba, amma idona bai ɓoye masa ba. Na ce masa idan hannun nan ya mutu, da me zan riƙa yi maka hira? Ya ce in sa mayafi, sai asibiti.

Likita ya mammatsa gaɓoɓin ɗaya bayan ɗaya, an ɗebi jini, an ɗauki hoton hannu da ƙafa. Mako mai zuwa za mu ji sakamako. Ki sa ni a addu'a.

Taki,
Auta

Zuwa ga Innata,

Assalamu alaikum. Da fatan kowa lafiya. Saƙonki ya iso, faɗan ma ya iso, na gode.

Albishirinki! Ciwon yana da suna, kuma yana da magani. Amosanin gaɓoɓi ne, amma ba irin na tsufa ba. Likita ya ce garkuwar jikina ce ta rikice, maimakon ta yaƙi cuta sai ta koma kan gaɓoɓina. Jinin ya nuna alamarsa, hoton kuma ya nuna ƙashi bai fara cinyewa ba. Ya ce mun zo da wuri.

Na tambaye shi zancen wanki da ruwan sanyi da kika ɗora wa laifi. Ya ce a wanke ruwa, ba shi da hannu! Ba a san takamaiman dalili ba, amma ya fi kama mata, shan taba na ƙara shi, kuma yakan bi jini. Nan na tuna yatsun Kaka da suka karkace, muna cewa tsufa ne. Allah ya jiƙanta.

Ba a rabuwa da shi gaba ɗaya, sai dai a kwantar da shi. Mako shida ke nan ina shan magani. Surukinki ke ɗumama mini ruwa in tsoma hannu da safe, kuma ya fara ƙorafin wai surutuna ya dawo.

Ga wani abin daɗi. Likitan ya ga yadda nake fassara wa maigidan bayaninsa, sai ya ajiye biro. Ya ce kurame na zuwa wurinsa, su koma bai fahimci komai ba. Yanzu duk Alhamis ina koya masa maganar hannu, shi da ma'aikatan jinya huɗu. Abin da ya fara nema shi ne yadda ake cewa “ina ke miki ciwo?” Jiya ya gwada wa wata tsohuwa kurma. Ta nuna masa gwiwarta, sannan ta kama yatsunsa ta gyara masa.

A gaida Baba da kyau.

Taki har kullum,
Auta