Albasa Ba Ta Zama Bisa Kujera

Daren Laraba, Goronyo

Allah ya yafe mini shiga zancen manya. Kwanan nan ba na iya barci, don Baffa Sani ya matsa wa Baba ya sayar da garkarmu ta bakin dam, ya sayi a-kori-kura mai ƙofa huɗu. Garkar kuwa ita ke riƙe da karatuna.

Yau Baba ya gwada bayan motar da buhunan albasa, ta ɗauki kaɗan. Wata tsohuwa mai ƙofa biyu ta ɗauki ninki, ga araha.

Baffa ya ce, "Yaya, dubi kujerun mana!"

Baba ya ce, "Mi ni ka yi da kujeru? Albasa ba ta zama bisa kujera."

Tsohuwar ya saya, bai taɓa garka ba. Alhamdulillahi, zan koma makaranta.